Amsoshin Tambayoyinku: 'Yata Ta Maimaita Littattafan Kakarta Har Sun Ragargaje

TAMBAYA: Ni uwa ce, ina zaune a Zangon Agege, nan aka haife ni, nan na yi aure. Ina da 'ya mai shekara 15. Tun da ta iya haɗa baƙi ta maƙale wa wasu littattafan Hausa da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta bari a cikin adakarta: Magana Jari Ce na ɗaya da na uku, da Ruwan Bagaja, da In Da So Da Ƙauna, da wasu guda biyu da ko bango ba su da shi. Ta gama ta koma farko, ta gama ta koma farko. Yanzu duk sun ragargaje, na liƙa salatif har na gaji. Babanta ya ce ɓata lokaci ne, wai labarin da ka riga ka san ƙarshensa me za ka tsinta a ciki, ya ce in kwashe in ɓoye ta fuskanci karatun jarrabawa. Ni kuma zuciyata ba ta ba ni ba. Malam, akwai illa a wannan ɗabi'a? In babu, yaya zan yi da littattafan kada su ƙarasa lalacewa?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, ya raya miki wannan yarinya. Kada ki ɓoye littattafan. Maganar maigida ma tana da gurbinta, kuma zan zo kanta, amma bari mu fara da tambayar da ya yi, domin tambaya ce ta mai hankali kuma ta cancanci amsa.

A karatun farko ido gudu yake yi. Yaron da ya buɗe Magana Jari Ce na ɗaya abu ɗaya ne a ransa: shin Musa ɗan Sarki Abdurrahman zai fice daga gida cikin dare ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana, ko akun da yake ba shi labarai zai sake riƙe shi? Saboda ɗokin sanin haka yakan tsallake rabin abin da ke shafin bai sani ba. Sai ya san ƙarshen sannan hankalinsa yake kwanciya ya fara ganin aikin. A zagaye na biyu zai lura da yadda akun yake auna labarin da zai bayar, yadda yake jan zance har gari ya waye, yadda yake hana ɗan sarki abin da yake so ba tare da ya ce masa kada ka yi ba. A na uku kalmomi ne da karin magana suke shiga jikinsa. In Allah ya yi masa tsawon rai ya koma wa littafin yana da shekara talatin, zai tarar ashe magana ake yi a kan mulki da amana, da yadda na ƙasa yake faɗa wa na sama gaskiya ya kuma kwana lafiya. Littafi na uku da 'yarki take da shi, inda akun yake horar da ɗansa Fasih, kusan duk a kan wannan ilimi ne. Haka Ruwan Bagaja. Ɗan shekara goma dariyar ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna kawai yake sha. Babba kuwa yana ganin yadda Abubakar Imam, tun a 1934, ya tona asirin malaman tsibbu na ƙarya da masu saurin ba da gaskiya ga duk wanda ya sa rawani. Takardar ba ta sauya ba, amma yarinyar da ta karanta ta bara da wadda take karanta ta bana ba ɗaya ba ne.

Ki tambayi maigida cikin ladabi sau nawa ya saurari waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo da ya fi so. Ba wanda ya taɓa cewa tunda na san amshin ba zan ƙara ji ba. Sanin ma shi ne yake ƙara daɗin.

Sannan ni ina ganin abin da 'yarki take yi gadon gidanmu ne. Karatunmu na asali kacokan a kan maimaici aka gina shi. A makarantar allo ba a wanke allo sai karatu ya zauna, bayan an wuce kuma akwai tishe. A zaure ɗalibi yakan sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, ya gama ta gaban wani malami, sannan ya naɗe buzunsa ya tafi wurin wani ya sake ta daga bango, ba wanda zai ce ya yi asarar lokaci. Duk watan azumi Jalalaini ɗin nan dai ake buɗewa a wurin tafsiri, Ashafa ɗin nan dai ake ja, ana shiga watan Maulidi kuma Ishiriniya ta cika unguwa. Ki sa a duba miki Dala'ilun kowane dattijo da ke zama a sahun gaba a masallacin unguwarku. Za a ga kusurwar ƙasa ta kowane shafi ta yi baƙi ta yi santsi daidai inda babban yatsa yake sauka, gefen takardar ya lanƙwashe, wani wurin tawada ta koɗe amma bakinsa bai tsaya ba don ya riga ya haddace. Ba mai kallon wannan littafi ya ce an wulaƙanta shi. A nan Agege ɗin ma kuna da Markaz, makarantar da Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita garinku, kuma duk wanda ya yi Larabci mai ƙarfi a can zai gaya miki da bita ya same shi.

Akwai wani labari da Ibn Sina, babban likita kuma masanin falsafa da ya rasu a 1037, ya bayar game da kansa. Ya ce ya karanta littafin Aristo kan ilimin abin da ke bayan ɗabi'a har sau arba'in, ya haddace shi, amma bai gane inda ya dosa ba, har ya fid da rai. Wata rana a kasuwar masu littattafai wani dillali ya tallata masa wani ɗan ƙaramin littafi, ya ƙi, dillalin ya matsa ya ce dirhami uku ne kawai, mai shi kuɗi yake buƙata. Ya saya, ashe sharhin Alfarabi ne kan manufar wancan littafi. Yana karantawa komai ya buɗe masa, don kalmomin suna zaune a kansa, washegari ya yi sadaka don godiya ga Allah. Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Ba don maimaicin nan arba'in ba, da ɗan littafin bai yi masa amfanin komai ba. Ba don ɗan littafin ba kuma, da maimaicin bai kai shi ko'ina ba. Saboda haka maganin mai maimaita littafi shida shi ne a ƙaro masa na bakwai, a bar masa shidansa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ya sa na ce kada ki ɓoye. Hausawa sun haura shekara ɗari a Agege. Fataucin goro da na shanu ne ya kawo kakanni, hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta ƙara ɗaure zumuncin, har Zango ya zama gari a cikin gari, da sarkinsa da malamansa da 'yan canjinsa da telolinsa. Yaron da ya tashi a nan yana da arzikin da na Kano ba shi da shi: Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turancin buroka a kasuwa, Ingilishi a aji. Amma ki lura da wanda ake koya masa rubutawa da karantawa a cikinsu. Ingilishi ne da Yarabanci, musamman tun 2018 da Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta. Hausa a baki take tsayawa. Shi ya sa za ki ga saurayi ɗan Zango yana zuba Hausa tiryan-tiryan, amma in aka miƙa masa takarda ya karanta sai ya riƙa tuntuɓe, in ya yi rubutu a waya kuma ba ya bambance ƙ da k, ko ɗ da d. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya zaunar da shi. Hausar Agege tana da zaƙinta kuma ba na raina ta, sai dai akwai ɗaruruwan kalmomi na sarauta da noma da yaƙi da dawa da ba su da dalilin fitowa a hira tsakanin Pen Cinema da Oko-Oba. Ina 'yarki za ta ji su? A waɗannan littattafan da ke neman rabuwa biyu. Su ne malamin Hausarta, kuma kalmar da ba a jin ta a titi ba ta zama a kai da gani ɗaya. Sai an gamu da ita sau biyar, sau goma, a cikin jimlar da aka riga aka saba da ita. Abin da yarinyar take yi wa kanta ke nan ba tare da kowa ya sa ta ba.

Masana koyar da karatu ma sun tabbatar da wannan. Tun a 1979 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Jay Samuels ya nuna cewa yaran da aka sa su maimaita karanta guntun rubutu ɗaya suna ƙara sauri, kurakuransu suna raguwa, kuma wannan ƙwarewa tana bin su zuwa sabon rubutun da ba su taɓa gani ba. Ni kuma na ƙara da cewa yarinyar da ta iya zama awa guda da littafi a hannu, a wannan zamani na waya, ta mallaki abin da iyaye da yawa suke biyan kuɗin ƙarin darasi don 'ya'yansu su samu.

To, gurbin maganar maigida. Uba ne, yana hango jarrabawar WAEC da JAMB, kuma yana da gaskiya cewa Ruwan Bagaja ba zai amsa mata lissafi ba. Abin dubawa shi ne ko karatun yana cin haƙƙin wani abu. Sakamakonta na makaranta ya ja baya? Tana raba dare har ta makara sallar asuba? Tana gudun mutane, ko in an kawo mata sabon littafi ta ƙi ko buɗewa? In amsar duka a'a ce, babu abin gyarawa sai tsara lokaci: aikin makaranta da na gida tukuna, littattafanta bayan isha'i da ranakun hutu. In kuwa kin lura ta fi shige musu tun bayan rasuwar kakarta, to wataƙila kewa ce take kai ta adakar nan. Wannan zama yake so da hira da rarrashi, ƙwacewa sai dai ta ƙara mata ciwo.

Wuri ɗaya ne zan goyi bayan maigida kai tsaye. Salon da take bi da littattafan hira kada ta ɗauke shi zuwa karatun jarrabawa. Maimaita karanta littafin darasi yakan sa ɗalibi ya ji kamar ya iya, alhali ido ne kawai ya saba da shafin. Abin da ke zaunar da darasi shi ne a rufe littafin a faɗo abin da ke ciki da ka, a amsa tambayoyin shekarun baya, a duba inda aka faɗi a koma. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa malam yake karɓe allon ya ce kawo hadda.

Game da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 ya kuma zaga ƙasar Hausa kamar ba gobe, na san wasu iyayen suna ɗari-ɗari da littafin soyayya a hannun budurwa. Shawarata ki karanta shi ke ma, ko ki tuna shi in kin taɓa karantawa, ku yi hirarsa. Labarin Sumayya da Muhammad magana ce a kan kuɗi da talauci da ikon iyaye a sha'anin aure. Ki tambaye ta wa take ganin ya yi daidai, wa ya yi kuskure. Za ki ji abin da ke ranta wanda ba za ta taɓa faɗa miki kai tsaye ba. Sannan ki ƙaro mata wasu. Magana Jari Ce na biyu ya zama na farko a jerin, tunda shi ne giɓin da ke hannunta. Akwai sauran 'yan gasar 1933 da suka fito tare da Ruwan Bagaja: Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya dace da mai shekarunta ƙwarai. Kada ki jibge mata su gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ki damu in ta gama sabon ta koma wa tsofaffin.

Sai gyara. Da farko ki daina sa salatif daga yau. Gam ɗinsa yana narkewa ya shige cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, bayan 'yan shekaru ledar ta ɓare ta tafi da rubutun. Wanda ya riga ya kama ki bar shi, kada ki fizge, sai in da kansa ya saki.

Ba hannun 'yarki kaɗai ya cinye littattafan nan ba, Legas ma ta ci rabonta. Littafin da zai shekara talatin a kan kanta a Katsina bai yi komai ba, a nan damina biyu ta ishe shi, don iskar garin cike take da laima kusan duk shekara. Yawancin littattafanmu na hira kuma, musamman na kasuwar Kano, da takarda mai araha irin ta jarida aka buga su, wadda take ja ta yi ƙarau da kanta, aka kuma maƙale tsakiyarsu da 'yan ƙarafuna biyu. Ki buɗe tsakiyar ɗaya ki gani. Za ki tarar ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar ta yi rami kewaye da shi, daga nan ne shafukan tsakiya suke fara zubewa. Ki sa bakin wuƙa ki miƙe ƙafafun ƙarfen a hankali ki zare shi. Ki jera shafukan bisa lambarsu. Inda gindin takarda ya rabe, ki yanko siririyar farar takarda mai faɗin yatsa, ki shafa mata farin gam irin na kafintoci kaɗan-kaɗan, ki haɗe ɓangarorin biyu, ki bari ya bushe. Kada ki yi amfani da gam mai wari na masu gyaran takalmi, kada kuma ki dama sitaci ko fulawa, don kiran kyankyasai ne. Daga nan ki huda rami uku a kan layin tsakiya da allura, ɗaya a tsakiya, biyu a sama da ƙasa. Ki sa zare mai ƙwari ki shiga ta ramin tsakiya daga ciki, ki dawo ta na sama, ki tsallaka zuwa na ƙasa ki fita, ki sake shigowa ta na tsakiya, ki ɗaure bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Bango kuwa kwali mai kauri ya isa, a lulluɓe shi da ƙyallen shadda ko atamfa, abin da ba a rasa shi a shagon kowane tela a Zango. A ɗora masa abu mai nauyi ya kwana. Wannan ɗinki na ƙananan littattafai ne. Masu kauri irin Magana Jari Ce gara a kai wa masu ɗaurin littafi, suna nan birjik a Shomolu da Mushin inda maɗaba'u suka taru, a ce musu ɗinki ake so, kuma kada su datse gefen har su ci rubutu.

Wanda takardarsa ta riga ta yi ƙarau har tana karyewa in an lanƙwasa, kada a ɗinke shi sam. A yi masa irin ta malamanmu na da, waɗanda suke barin warƙoƙi a sake tsakanin tadarishi su ɗaure su sa a gafaka. Kwali biyu da igiya sun wadatar, sai a sa wa kowane shafi lamba da fensir.

Wurin ajiya ma da magana. Adaka a ƙarƙashin gado, a kan siminti, ita ce mafi munin wuri a Agege, ga laima ga ruwan da kan shigo ɗaki in an yi mamako. Ki ɗaga su sama, nesa da bangon da ke tsattsafo da ruwa, inda iska take ratsawa. Kada ki ƙulle su a leda, gumi suke yi a ciki su yi fumfuna. In kin ga fumfunar ta fara, ki buɗe littafin a inuwa ranar da gari ya bushe, ba a tsakiyar rana ba, in ya sha iska ki share da busasshen ƙyalle a waje. 'Yan ƙwayoyin kafur a kusurwar kanta suna korar ƙwari, sai dai a nisanta su daga hannun ƙananan yara.

Waɗannan biyun marasa bango su na fi so ki riƙe da kyau. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja har gobe ana buga su, kamfanin NNPC na Zariya ya daɗe yana fitar da su, kuma duk mai zuwa Kano zai samo miki a wurin masu littattafai na kasuwar Sabon Gari. Motocin Arewa kullum suna tashi daga Agege, saƙo ba zai gagara ba. Amma ɗimbin littattafan hira na shekarun 1990 bugu ɗaya ko biyu aka yi musu, kuma tun da karatun ya koma waya, ta WhatsApp da Wattpad da masu karantawa a YouTube, shagunan haya da na sayarwa suka ja baya, da yawansu sun yi wuyar samu. Mai yiwuwa abin da ke hannun 'yarki yana cikin kwafi kaɗan da suka rage. Ta rubuta sunayen taurarin labarin da yadda ya fara a ba ɗan saƙon, tsofaffin masu sayar da littafi a Kano sukan gane littafi daga sunan jarumarsa kawai, har su faɗi marubucin. Ta kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya don ajiyar gida, amma kada a watsa a zaurukan waya, domin marubutan nan da iyalansu suna da haƙƙi a kan guminsu.

In sababbin kwafin sun iso, su za a riƙa karantawa kullum, su za a ba ƙawaye aro, don aro ya fi komai saurin kashe littafi. Na Mama kuwa su zauna a hannun yarinyar, ta buɗe su duk sadda ta so. Duk takardar da ta ruɓe har ba ta gyaruwa, a duba ko akwai aya ko sunan Allah a jikinta kafin a san yadda za a yi da ita, kada ta tafi bola. Ɗinkin kuma kada ki yi shi ke kaɗai, ki zaunar da ita ta riƙe allurar da kanta, don nan gaba ita za ta riƙa yi. Allah ya yi mata albarka, ya ba ta sa'ar jarrabawa. A gaishe da maigida.